Ina Ingila, mutanen gida na ganin fam nake tsinta

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara tara na yi ina aiki a Katsina kafin Allah ya yi min hanyar Ingila. Farkon Nuwamba na sauka Manchista, wata biyu ke nan. Maigida da yara biyu suna gida, sai na zauna da gindina su biyo ni.

Anti, abin ba yadda na zata ba. Har yanzu ban yi jarrabawar OSCE ba, wadda sai mutum ya ci ta hukumar ma'aikatan jinya ta nan, NMC, take yi masa rajista. Kafin nan mataimakiya ce ni, albashin mataimakiya nake ɗauka, waɗanda na girme su a aiki su ke aike na. Ɗaki ɗaya na kama a gidan da muke mu huɗu, kicin ɗaya, kuma ɗakin ya cinye kusan rabin abin da ke shigowa. In fita da duhu, in dawo da duhu, ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Rannan ina tashar bas, ruwan sama na bin wuyan rigata, sai kawai na ga ina kuka.

Amma ba wannan ya kawo ni ba, waya ce. Tun da na sa hotona a filin jirgi ban huta ba. Kawuna da ya ranta min kuɗin jarrabawar Turanci yana tuna min a fakaice. Ƙanin maigida zai yi aure, an ce lefe yana wuyana. Ga kuɗin makarantar ƙanwata. Har wata da muka yi firamare tare ta nemo lambata. Watan jiya na tura har na rasa na cefane, kwana biyar ina kan shayi da burodi. Ko maigida in ya kira, "lafiya lau" nake ce masa. In na ce babu, za a ce na samu duniya na canza. Yaya zan yi?

'Yarki daga Manchista

Wa'alaikumus salam 'yata. Wannan "lafiya lau" ɗin da kike ce wa maigida, ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarki. Mutanen gida ba mugunta suke yi miki ba. Rabin lissafi ne a hannunsu: sun san fam nawa ne a naira, ba su san kuɗin ɗaki da na bas da harajin da ake zarewa tun kafin albashi ya iso hannunki ba. Hoto kika nuna musu, da hoton suke lissafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ke ce mai ɗakin, kuma kin yi gum.

Ki fara da mijinki, yau ba gobe ba. Ki ɗauki hoton takardar albashinki da ta haya ki tura masa, sannan ki faɗa masa zancen shayi da burodin nan da bakinki. Shi ya kamata ya tare miki maganar lefe, don ƙaninsa ne. Lefe ba ya wuyan matar wa. In Allah ya hore kin yi gudummawa, an gode, iyakarta ke nan.

Kawunki kuwa daban ne, nasa bashi ne. Kada ki bari ya ci gaba da zagaye-zagaye. Ki kira shi, ki gaishe shi da kyau, ki ce, "Kawu, duk wata zan riƙa turo kaza har in gama." Ko kaɗan ne, in dai ba ya yankewa, hankalin dattijo zai kwanta. Daga shi sai iyaye da makarantar ƙanwarki: adadi ɗaya, rana ɗaya bayan albashi, ta hannun mutum ɗaya. Duk wanda ya biyo ta bayan fage, ki ce na wannan watan ya riga ya tafi. 'Yar firamare kuma a gaisa a yi zumunci. Za a yi gunaguni, na sani. Ai ko duka kika tura sai an yi.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, 'yata. Kin sauka Ingila, amma sai kin ci OSCE za ki ce kin iso, don bizarki da aikinki a ɗaure suke da rajistar nan. Kada ki kwashi ƙarin aikin dare don biyan bukatun mutane ki bar karatu. Ki kuma tuna ranar da iyali za su taso: kuɗin biza, tikitin mutum uku, gidan da ya fi ɗaki ɗaya, kuɗin ajiya da masu gida ke karɓa wanda kan kai na hayar mako biyar, ga harajin ƙaramar hukuma. Wa zai tara miki in ba ke ba?

Kukan tashar bas ma ban manta da shi ba. Ki yi rajista da likitan unguwa, kyauta ne, kuma in ƙuncin ya ƙi sakinki ki faɗa masa ba kunya, ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ni sani. Hukumar lafiyarsu tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum, duk shekara. Ranar hutu kada ki ƙule a bargo. Ki hau bas zuwa Cheetham Hill, akwai masallatai da naman halal, ki nemo kuɓewa ki yi miya ki ci ki ƙoshi. Duhun nan tun wajen 21 ga Disamba ya fara ja da baya. Ƙarshen Maris za su tura agogo gaba da awa ɗaya, lokacinku ya zo daidai da na Katsina, a watan Yuni kuwa har bayan tara na dare da sauran rana.

In kin yi magana da maigida, ki sake rubuto min in ji abin da ya ce.