Gwada Manhajar Duba Yara Kafin Ta Shiga Ɗakin Jinya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a wani asibitin sha-ka-tafi. Za a kawo mana manhaja a kwamfutar hannu mai ba da shawara kan duba yara marasa lafiya, an ce mu fara gwada ta. Ta ina za mu fara?
Wata nas, daga Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam, Sista. Da farko ki faɗa wa ma'aikatanki cewa manhajar ake gwadawa, ba su ba. In sun ɗauka jarabawa ce, ɓoye kuskure za su yi, alhali kuskuren kuke nema.

Ki zaɓi mutum biyar zuwa takwas, har da sabon ɗauka da wadda hannunta bai saba da waya ba. Ki rubuta musu labaran yara na ƙirƙira, kada a fara da majinyaci na gaske. Misali: yaro ɗan wata 14, yana tari, numfashi 44 a minti. A ƙa'idar duba yara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, daga wata 12 zuwa shekara 5 numfashi 40 ya kai sauri, amma daga wata 2 zuwa 11 sai ya kai 50. Idan gurbin shekaru da na watanni suna rikita ido, manhajar za ta auna yaron da ma'aunin da ba nasa ba, ciwon huhu ya wuce ba a gani ba.

Kowacce ta riƙa faɗin abin da take tunani a fili yayin da take dannawa. Ke kuma ki kame bakinki, ko da kin ga ta ɓace hanya. Ki rubuta inda ta tsaya, da inda ta koma baya, da mintin da ta ɗauka.

Ki sa wata ta rubuta kilo 75 maimakon 7.5 da gangan. Manhajar da ta karɓa shiru ta lissafa magani a kai, a mayar wa masu ita su gyara. Ki kuma ƙirga gargaɗin da ke fitowa: in ya yi yawa, hannu zai saba rufe shi ba karantawa, har da na haɗari.

Bayan an gyara, a sake gwadawa a ɗakin duba yara ranar da layi ya yi tsawo, da safar hannu, intanet a kashe.