Amsa kan bikin cika shekara goma da aure a cikin mota mai ɗakin kwana

Malam, Allah ya ƙara danƙon soyayya tsakaninka da uwargida. Ka tambaya ko ku yi hayar mota mai ɗakin kwana da madafa ku zaga Ingila ko Maroko, kuma a ganina Maroko ta fi dacewa da ku.

A Ingila ana tuƙi ne ta hannun hagu, wanda muka bari a Najeriya tun 1972, alhali a Maroko ta dama ake bi kamar yadda ka saba a titin Ahmadu Bello, ga abincin halal da masallatai duk inda kuka yada zango. Ku ɗauki hanyar Marrakesh zuwa Warzazat, wadda ke ratsa duwatsun Atlas ta mashigar Tishka wadda ke bisa tudun da ya haura mita 2,200. Kwane-kwanenta suna da yawa, don haka kada ku bari dare ya same ku a kanta.

Ka nemi biza da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun kana Kaduna. Sannan ka sani cewa gadon motar ƙarami ne, tankin ruwanta kuma ba ya jure alwala da wanka, saboda haka daren bikin kansa ka kama wa Hajiya ɗaki a otal.