Wace ce "ta" a cikin "ga ta nan, ga ta nanku"?

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cewa tana yarinya, cikin shekarun 1980, gidan maƙwabcinsu suke cika da la'asar don kallon shirin yara, inda mai gabatarwa kan tara yara a tabarma ta ce "ga ta nan, ga ta nanku". Kwanan baya jikarta ta tambaye ta wace ce wannan "ta" ɗin, ta rasa abin cewa.

Hajiya, tatsuniyar ce da kanta. Kalmar tatsuniya jinsin mace ce, shi ya sa aka ce "ta". "Nanku" kuwa "nan" ce da "ku", wato ga ta a gabanku. Masu sauraro sai su ce "ta zo mu ji ta", wasu wuraren kuma "ta je ta dawo". A Hausar yamma, wajen Sakkwato da ƙasar Nijar, wannan mabuɗi ya ma zama sunan abin: gatana. In an gama a rufe da "ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya", a ɗora wa Gizo laifin duk abin da aka shara.

Ki lura, mabuɗin ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. Sai an amsa ake ci gaba. Akwatin talabijin kuwa ba ya jin amsar wanda ke zaune a tsakar gida, saboda haka masu shirya shirin suka kawo yara ɗakin ɗauka su amsa a madadinku. Ku ma na san ba shiru kuke yi ba, da ƙarfi kuke amsawa kamar mai gabatarwar za ta ji ku. Hatta shirin Tales by Moonlight, wanda gidan talabijin na NTA ya fara a 1984 da Turanci, zubinsa ke nan: mai ba da labari, yara kewaye da ita. Wani abin dariya shi ne, camfinmu ya hana tatsuniya da rana, wai mai yi zai ɓata. Hikimar dai kada yara su bar aike da makarantar allo su zauna hira. Talabijin ta zo ta riƙa yin ta rana tana sama, iyaye na kallo, ba wanda ya ɓata.

Wani matashi daga Katsina ya ce kakarsa har ta rasu "majigi" take kiran talabijin, shin kuskure take yi?

A'a, samari, tsohuwar da hujjarta. Majigi ya riga talabijin zuwa. Mota ce ta gwamnatin Turawa da ta En'e, mai yawo gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare a nuna finafinan tsafta da noma. Sunan daga Ingilishi aka aro shi, daga sunan wata tsohuwar fitilar haska hoto da suke kira magic lantern. Tashar talabijin ta Ibadan ta buɗe a 1959, ta Kaduna a 1962, to wanda ya saba ganin hoto mai motsi a ƙyalle, da ya gan shi a akwati sai ya kira shi da sunan da ya sani.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo ce a Yamai. Yana cikin yaran da suka yi karatu ta talabijin, domin a Nijar da darussan firamare aka fara ta a 1964, da Faransanci. Ya ce duk sanda ya yabi shirye-shiryen yara na da, ɗansa sai ya ce masa "kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba". Yana so ya san ko baƙar magana ce.

Baba, karin maganar ba zagi ba ce. Daga bakin manoma ta fito: wanda rumbunsa ya cika bana ba ya zancen damunar bara. Tana nuna halin mai tunawar ne, ba ta ce bara ba ta yi kyau ba. Sai dai ɗa bai kamata ya jefa wa mahaifinsa ita ba, ta fi dacewa tsakanin tsara, ko mutum ya faɗa wa kansa.

Amma a ganina yaron ya taɓo wani abu. Rabin daɗin shirye-shiryen nan ƙarancinsu ne. Tasha ɗaya, sai yamma take buɗewa, hoto baƙi da fari, akwati ɗaya a unguwa. Wanda bai sami wuri a ɗaki ba ya leƙa ta taga, wani ya hau katanga yana juya eriya ana yi masa ihu "ya yi, ya yi, tsaya nan!" Shirin da ya wuce ka kuwa sai wani makon, ko ka bi abokinka ya ba ka labari a hanyar makaranta, ya ƙara nasa gishirin. In za ka mayar masa da martani, akwai "da tsohuwar zuma ake magani", sai dai ka shirya, zai tambaye ka wane shiri ne zumar.