Amsa: Piper na Pink Floyd, mono ko sitiriyo?

Malam ka tambaya wanne za ka nema tsakanin mono (sauti a haɗe wuri ɗaya) da sitiriyo (sauti a rabe hagu da dama) na The Piper at the Gates of Dawn, faifan ƙungiyar mawaƙan Pink Floyd, to ni dai mono zan ce maka, ba ko tantama. Faifan nan ya fito 1967, lokacin Syd Barrett ne ke jan ƙungiyar, a situdiyon Abbey Road na Landan suka ɗauka, kuma a wancan zamanin mono aka fi zauna wa wajen haɗa sauti. Sa iyafis ka saurari ƙarshen kiɗan Interstellar Overdrive a sitiriyo, za ka ji sautin na tsalle daga kunnen hagu zuwa dama yana dawowa har kai ya fara juya maka, wasu na son haka amma wallahi ni yana cire min daɗin jitar. A mono kuwa gangar da bes a dunƙule suke, suna dukan ƙirji.

Wanda aka sake gyarawa a 2007 na cika shekara 40, injiniyan sauti James Guthrie ne ya yi aikin, akwai duka biyun a ciki. In ka samu mai CD uku ɗauka kawai, har da waƙoƙin Arnold Layne da See Emily Play.