Dalilin da ya sa ba a sallamar mai sankarar bakin mahaifa kafin gashin ciki

Ƙanena, jiya ka tare ni a bakin ɗakin na'ura kana tambaya: baiwar Allahn nan ta gama gashin waje na kwana 25, wato ƙona sankara da hasken na'ura daga wajen jiki, jinin ya tsaya, har ta fara cin abinci, me zai sa a sake wahalar da ita da gashin ciki, inda ake kai hasken cikin mahaifa? Ka ce ko a ƙara mata kwanaki a babbar na'ura, a huta.

Tambayar mai tausayi ce, amma da mun bi ta da mun cuce ta.

Abin da muka ba ta daga waje gire 45 ne (gire shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha), gire 1.8 kullum, kwana biyar a mako, ga maganin sankara sisfilatin da likita ke sa mata mako-mako. Wannan ya isa ya rage girman ciwon, ya kuma share ƙwayoyin sankarar da suka ɓuya a kaluluwar ƙugu. Amma sankarar bakin mahaifa da ta yi nisa tana buƙatar abin da ya kai gire 80 zuwa 85 a tsakiyarta. In ka ce daga waje za ka cike wannan, ta ina hasken zai bi? Mafitsara na gaba, dubura na baya, ƙananan hanji na sama. Kafin ka kashe ciwon ka ƙona su, ka bar ta da zawon jini ko yoyon fitsari har ƙarshen rayuwarta.

Shi ya sa muke kai wutar cikin gidan ciwon. Ka san zaman jin ɗumi da hunturu: na bakin garwashi ƙafarsa na toyewa, na bayansa yana rawar ɗari. Haka hasken nan yake. In nisa ya ninku biyu, ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar iridiyam-192, ƙarfen da ke fitar da hasken, tana bakin wayar na'urar gashin ciki, ba ta kuma fi ƙwayar shinkafa ba. Likita zai zura siririn bututu cikin mahaifa, ya kafa biyu a gefen bakin mahaifar, ya cusa bandeji ya ture mafitsara da dubura. Kada ka raina bandejin nan, tazarar santimita ɗaya da ya samar ita ce lafiyar hanjinta. Sai a ɗauki hoto, a yi lissafi, ƙwayar ta shiga ta yi mintoci ta koma. Sau uku ko huɗu ake yi.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne kwanaki. Daga ranar farko zuwa ta ƙarshe kada a wuce mako takwas, don ƙwayoyin da suka saura suna hayayyafa da sauri. Matan nan kuwa daga nesa suke zuwa, guzuri ya ƙare, jini ya tsaya, sai miji ya ce a koma gida. Na ga wadda ta tafi haka, ta dawo bayan watanni ba abin da za mu iya yi mata sai rage raɗaɗi. Har yau ina tuna ta.

Saboda haka gobe ka zaunar da ita da mijinta. Ka kira ta Mama, ka gaya mata za a ba ta maganin kashe zafi, za a suturta ta, ma'aikaciya mace na tare da ita. Ka tabbatar mata ba za ta fita da hasken a jikinta ba, ta ɗauki jikokinta yadda take so. In an gama kuma, kada ka buɗe ƙofa ka afka ciki sai ma'aunin haske ya nuna maka ƙwayar ta koma ma'ajiyarta.