Ciwon sai ƙaruwa yake, ko Allah ya daina jin addu'ata ne?

'Yar'uwa, kin ce tun da maigidanki ya kwanta kike addu'a da azumi, amma jikin sai ƙara tsanani yake, har kin fara tunanin ko Allah ya juya miki baya. A'a, bai juya ba, kuma kada ki daina. Duba Yohanna sura 11. Marta da Maryamu sun aika wa Yesu cewa ɗan'uwansu Li'azaru ba shi da lafiya, ya ji saƙon sarai, amma ya ƙara kwana 2 a inda yake. Kafin ya iso garinsu Betanya, mutumin ya kwana 4 a kabari. Surar nan kuwa ta faɗa ƙarara cewa Yesu yana ƙaunarsu. Ashe jinkiri ba shaidar ƙiyayya ba ne, ko da wani zai ce miki bangaskiyarki ce ta kasa. Wannan maganar tana ɓata mini rai ƙwarai.

Abu ɗaya zan ƙara daga abin da na gani lokacin da muka yi jinyar mahaifiyarmu: kada ki ɗaure wa Allah hannu da irin amsar da kike so da ranar da kike so. Manzo Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, alheri aka ba shi ya jure. Ki faɗa wa Ubangiji zafin zuciyarki yadda yake, da kuka ma. Ku ci gaba da zuwa asibiti da shan magani, ki kuma sanar da zumuntar mata su riƙa zuwa suna addu'a tare da ke a ranakun da bakinki ya kasa.