Amsar Kawu a kan gonaki arba'in na tsibirin Sark

Ɗiyata, saƙonki ya iso, na ji daɗi da boko bai sa kin manta da tsohon kawunki ba. Kin ce an ba ku labarin wani ƙauye a tsakiyar teku mai suna Sark, inda in mai gona ya rasu mutum ɗaya ke gaje ta ɗungurungum, kina tambaya ko wannan ba zalunci ba ne ga sauran 'ya'ya. To, bari in ba ki tun daga tushe.

Sark ɗan tsibiri ne tsakanin Ingila da Faransa, kusa da gaɓar yankin Normandi na Faransa. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita biyar da rabi ba, mutanensa kuwa wajen 500. Tudu ne shimfiɗaɗɗe a sama, gefensa duwatsu ne da suka miƙe tsaye daga cikin ruwa. Kashi biyu ne, Babban Sark da Ƙaramin Sark, abin da ya haɗa su wata siririyar hanya ce mai suna La Coupée, rami dama, rami hagu. Kafin a yi mata shinge, in iska ta taso da rarrafe yara ke ƙetarewa. Har gobe ba a hawa mota a garin, sai keke da keken doki da tarakta.

A tsakiyar ƙarni na 16 wurin ya zama kufai, 'yan fashin teku suka mai da shi maɓoya. Sai a 1565 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Farko ta ba da shi ga Helier de Carteret, wani basarake daga tsibirin Jersey, bisa sharaɗin ya zaunar da maza arba'in masu makami su tsare shi. Ya yanka ƙasar gida arba'in. Kowane mai gida dole ya ajiye bindiga, yana kuma da kujera a majalisar gari da suke kira Chief Pleas.

Yanzu ki yi lissafi da kanki. In gona ɗaya ta rabu shida, gobe ta sake rabuwa, wa zai ci ya ƙoshi a ɗan wurin nan? Wa ke da bindigar, wa ke da kujerar? Shi ya sa a 1611 Sarki James na Farko ya sa doka cewa gonakin ba sa rabuwa. Tsaro ne ya haifi al'adar.

Shi kuwa ubangidan ƙasar, Seigneur, nasa gatan har dariya yake ba ni. Fam 1.79 kacal yake biyan masarautar Ingila a shekara, amma a da in an sayar da gona kashi ɗaya cikin goma sha uku na kuɗin nasa ne. A da kuma shi kaɗai ke da ikon kiwon tattabaru, shi kaɗai ke ajiye karya mai haihuwa.

Inda nake ganin kina da gaskiya shi ne zancen mata. Mu a wurinmu Allah Ya riga Ya yanka wa kowa rabonsa, mace da namiji. Su kuwa a da babban ɗa namiji ke kwashe komai, 'ya mace sai in babu namiji a gidan. Ta haka Sibyl Hathaway ta gaji mahaifinta a 1927, ta riƙe sarautar har 1974, ita ce kuma ta ƙi gudu lokacin da sojojin Jamus suka mamaye tsibirin daga 1940 zuwa 1945. Amma duk da wannan shaida, sai a 1999 aka daidaita mace da namiji a gado. 'Yan fashin teku sun daɗe da ƙarewa, wa kuma ake tsaro da bindigar?

Kujerun gado ma sun tafi. A Disambar 2008 aka yi zaɓe, mutane 28 suka shiga majalisa da ƙuri'a. Seigneur dai yana nan a gidansa, sarautar na hannun zuriyar Sibyl.

Ki gaida mamanki, ki ce mata ƙafar ta yi sauƙi.